Kafin a Saki Kuɗi: Yadda Ake Bincikar Sabon Kamfani Mai Neman Jarin Karo-Karo

A watan Maris na 2016, wani sabon bankin wayar salula a Landan, wanda a lokacin ake kira Mondo kafin ya koma Monzo, ya buɗe wa jama'a ƙofar sayen hannun jarinsa a dandalin Crowdcube. Cikin daƙiƙa 96 aka tara fam miliyan 1. Makonni kaɗan kafin wannan rububi, wani kamfani mai suna Rebus, wanda ya tara sama da fam 800,000 a wannan dandali a 2015, ya durƙushe bai cika shekara da karɓar kuɗin ba. Dandali ɗaya, shekara ɗaya, kuma kowane daga cikinsu ya zo da bidiyo mai ƙayatarwa da alkawura masu daɗin ji.

Tara jari ta karo-karo a intanet iri-iri ne, kuma rashin rarrabe su shi ne tuntuɓen farko. Akwai na taimako, inda mai bayarwa ba ya jiran komai. Akwai na sayen kaya tun ba a ƙera su ba, irin na Kickstarter. A 2012 mutane suka tara wa Oculus kusan dala miliyan 2.4 don ya ƙera tabarau na wasannin kwamfuta. A 2014 Facebook ya saye kamfanin a kan wajen dala biliyan 2, waɗanda suka yi karo-karon kuwa ko sisi ba su samu daga cinikin ba, domin tabarau da riguna aka yi musu alkawari, ba mallaka ba. Sai na bashi, inda ake mayar da uwar kuɗi da ƙari. Na ƙarshe shi ne na hannun jari, wanda mutum ke zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya ci riba tare da su ko ya yi asara tare da su. Shi ne abin magana a nan.

A Birtaniya Crowdcube ya fara aiki a 2011, Seedrs ya biyo baya a 2012. A Amurka dokar JOBS da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Afrilun 2012 ce ta share hanya, amma sai a Mayun 2016 talaka ya samu damar shiga, lokacin da ƙa'idojin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari suka fara aiki. Da farko kamfani ba zai tara fiye da kimanin dala miliyan 1 cikin wata 12 ba. A Maris na 2021 aka ɗaga zuwa dala miliyan 5. A Najeriya, hukumar SEC ta ƙasar ta fitar da nata ƙa'idojin a Janairun 2021.

Abin da mai kuɗi zai fara sani shi ne matsayin dandalin da kansa. Dandali dillali ne, kuma kamar dillalin kara, la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa. Manyan dandamali suna karɓar wajen kashi 7 cikin 100 na abin da aka tara, daga hannun kamfanin da ya zo neman kuɗi. Ba a ce dillali maƙaryaci ne ba, amma wanda ke biyansa an san shi. A Mayun 2022 hukumar FINRA mai sa ido kan dillalan hannun jari ta ci tarar dandalin Wefunder dala miliyan 1.4, StartEngine kuma dala 350,000, kan saɓa ƙa'idojin wannan harka, kuma su ne manyan gidajen a Amurka. Kafin nan, a Satumban 2021, SEC ta Amurka ta maka dandalin TruCrowd a kotu tare da wasu mutane kan tara kusan dala miliyan 2, inda ta yi zargin an ɓoye wa masu zuba jari cewa wanda ke juya al'amarin ta bayan fage yana da tsohon hukuncin kotu a kansa. Saboda haka ganin kamfani a dandali mai rajista yana nufin an duba wasu takardu ne kawai. Ba shaida ba ce cewa kasuwancin zai yi albarka.

Daga nan sai takardu. Mai hankali yakan bar bidiyo zuwa ƙarshe, ya fara da abin da doka ta tilasta wa kamfanin ya rubuta, domin a nan ƙarya take da tsada. A Amurka takardar ita ce Form C, kuma kowa zai iya buɗe ta kyauta a rumbun EDGAR na hukumar SEC. A ciki akwai sunayen daraktoci da ayyukan da suka yi a shekara uku da suka wuce, da duk mai riƙe da kashi 20 ko fiye na ƙuri'ar kamfanin, da basussuka, da abin da za a yi da kuɗin, da duk wata hulɗar kuɗi tsakanin kamfanin da masu shi ko danginsu. Wannan na ƙarshen mutane kan tsallake, alhali a nan ake ganin mai kamfanin da ya ba kamfaninsa hayar gidansa da tsada, ko wanda ya ranta wa kamfanin kuɗi yana jiran a tara na jama'a ya cire nasa. A Birtaniya ana duba Companies House, shi ma kyauta. A Najeriya shafin hukumar CAC yana nuna ko kamfani yana da rajista, da ranar da aka yi ta, da ko yana raye a takarda.

Ba duk lissafin kuɗi ne nauyinsa ɗaya ba. A tsarin Amurka, kamfanin da ke neman dala 124,000 ko ƙasa da haka, shugabansa ne kawai zai sa hannu ya ce alƙaluman gaskiya ne. Daga nan zuwa dala 618,000 sai akanta mai zaman kansa ya duba, dubawar da ba ta wuce tambayoyi da gwada alƙaluma ba. Cikakken binciken odita, wanda ake bin rasit da bayanan banki, sai a manyan kuɗi, kuma mai neman jari karon farko yana iya kaiwa dala 1,235,000 ba tare da shi ba. Duk wanda ya buɗe lissafin kamfani, ya kamata ya fara neman sa hannun da ke ƙasa kafin ya dubi adadin da ke sama.

A cikin lissafin, lambobi biyu sun fi sauran magana: kuɗin da ke asusu yau, da abin da kamfanin ke ƙonawa kowane wata bayan an cire abin da ke shigowa. A ce kamfani yana da naira miliyan 30 a banki, yana kashe miliyan 8 a wata, cinikinsa miliyan 3. Giɓinsa miliyan 5 ne, ke nan numfashin wata shida ya rage masa. Idan ya tara miliyan 100 kuma ya ce zai ninka ma'aikata ya buɗe rassa, giɓin zai iya zama miliyan 10, sabon kuɗin ya ƙare cikin shekara guda. To sai me? Ko dai ya kai matsayin ɗaukar nauyin kansa kafin lokacin, ko ya dawo neman wani jarin, ko ya rufe. Mai kamfanin da ya san aikinsa zai amsa wannan tambaya da wata da adadi. Wanda ya amsa da girman kasuwar Afirka da yawan matasanta, ya kauce ne.

Hasashen shekara biyar da ke nuna ciniki yana ninkawa kowace shekara ba ya buƙatar dogon nazari. Kusan kowane kamfani yana da irinsa.

Abin da ke buƙatar tsayawa shi ne adadin abokan ciniki, domin a nan ake yawan shafa mai. Wanda ya sauke manhaja daban, wanda ya yi rajista daban, wanda ya biya kuɗi daban, wanda ya dawo ya sake biya a wata na uku kuma shi ne abokin ciniki na gaskiya. Haka nan kamfanin da ya ce kuɗi biliyan sun bi ta hannunsa, a tambaye shi nawa ne nasa a ciki. Mai haɗa manomi da mai saye yana iya juya biliyan guda ya tsira da miliyan goma. Kada ƙaramin mai jari ya ji kunyar wannan tambaya, don ko manya an yi musu sakiyar da ba ruwa. A 2021 bankin JPMorgan ya sayi kamfanin Frank, mai taimaka wa ɗalibai neman tallafin karatu, a kan dala miliyan 175, bisa cewa yana da masu amfani sama da miliyan 4. Daga baya ta bayyana ba su kai 300,000 ba, kuma a Maris na 2025 kotu ta samu wadda ta kafa kamfanin, Charlie Javice, da laifin zamba. Asirin ya tonu ne lokacin da bankin ya aika saƙon talla ga wani rukuni na sunayen, akasarin saƙonnin suka ƙi isa. Gwajin da bai fi ƙarfin kowa ba ne: a sayi kayan, a yi amfani da manhajar, a je shagon idan yana kusa, a nemi mutum biyu ko uku da ke hulɗa da kamfanin a ji ta bakinsu.

Sai batun farashi, wanda a wannan kasuwa babu tayi a cikinsa. Idan ƙwararrun masu zuba jari za su shiga kamfani, sukan zauna da masu shi a ja a saki kafin a tsayar da darajarsa. A karo-karo kuwa masu kamfanin ne ke yanka wa kansu daraja, jama'a su karɓa ko su bari. A ce kamfani ya ƙiyasta kansa naira miliyan 400 kuma yana neman miliyan 100. Bayan an tara, darajarsa miliyan 500 ke nan, kuma wanda ya zuba naira 100,000 ya mallaki kashi 0.02 cikin 100. Kafin kuɗinsa ya ninka goma, sai an sayar da kamfanin naira biliyan 5. Wannan ma idan ba a sake neman jari ba. In aka yi zagaye biyu nan gaba, kowanne aka sayar da kashi 20 na kamfanin, rabonsa ya sauka zuwa 0.0128. Idan cinikin kamfanin na shekara miliyan 20 ne, to a darajar miliyan 400 ana sayar da shi a kan ninki 20 na cinikinsa tun kafin a zo maganar riba, kuma ya rage ga masu shi su bayyana dalili.

Kaya mai kyau ba ya hana farashi ya zama mummuna. Sugru wani irin danƙo ne da ake murzawa da hannu a gyara abin da ya karye, ya bushe ya zama roba. Mujallar Time ta sa shi cikin fitattun ƙere-ƙeren 2010, kuma masu amfani da shi suna matuƙar son sa. A 2015 ya tara sama da fam miliyan 3 a Crowdcube a kan darajar fam miliyan 27, ya sake dawowa a 2017. A 2018 aka sayar da shi ga kamfanin Tesa na Jamus a kan kusan fam miliyan 7.6. Bayan an biya basussuka, masu karo-karon sun tashi da asarar wajen kashi 90 cikin 100 na kuɗinsu. Danƙon bai daina aiki ba. Farashin da suka saya ne ya yi sama, ga kuma masu bin bashi a gabansu.

Wannan ya kawo magana ga abin da ya fi komai muhimmanci kuma aka fi sakaci da shi: wace irin takarda mutum yake saye, kuma su wa ke gabansa ranar rabo. Hannun jari ba duka ɗaya ba ne. Akwai na gama-gari, akwai mai fifiko. Mai fifiko yakan ɗauki kuɗinsa tukuna idan an sayar da kamfanin, sauran su raba abin da ya rage. Idan wani babban mai jari ya zuba miliyan 250 da wannan sharaɗi, aka sayar da kamfanin miliyan 300, dubban ƙananan masu jari tare da waɗanda suka kafa kamfanin miliyan 50 za su raba, komai girman kason da aka rubuta musu.

Kamfanin giya na BrewDog a Sukotilan misali ne da ake yawan kawowa, kuma darasinsa ya shafi har wanda ba zai taɓa kusantar irin wannan haja ba. Tun 2009 ya riƙa sayar da hannun jari kai tsaye ga magoya bayansa, har suka kai wajen mutum 200,000. A 2017 kamfanin zuba jari na TSG daga Amurka ya sayi kimanin kashi 22 a kan fam miliyan 213, da sharaɗin cewa hannun jarinsa mai fifiko ne, kuma haƙƙinsa yana ƙaruwa da kashi 18 cikin 100 duk shekara, ƙari a kan ƙari. A wannan lissafi kuɗin yana kusan ninkawa duk shekara huɗu. Bayan shekara takwas ya doshi fam miliyan 800, kuma duk sai an cire shi kafin rabo ya iso kan magoya baya. Da yawa cikin waɗanda suka saya sun riƙa murna da rangwamen da aka yi musu a mashaya, sharaɗin kuwa yana kwance a takardun kamfanin.

Akwai kuma takardar da ake kira SAFE, wadda cibiyar Y Combinator ta ƙirƙiro a 2013 kuma ta cika dandamalin Amurka. Wanda ya saye ta bai mallaki hannun jari ba tukuna. Alkawari ne cewa za a ba shi idan wani abu ya faru, galibi idan ƙwararrun masu jari sun shigo ko an sayar da kamfanin. Idan abin bai faru ba, kamfanin yana iya ci gaba da kasuwancinsa, masu shi suna ɗaukar albashi, mai takardar yana zaune ba ƙuri'a ba rabo. A 2017 SEC ta Amurka ta fitar da gargaɗi na musamman a kanta. Tambayoyin da za a yi su ne: me zai sa ta juye ta zama hannun jari, a kan wace iyakar daraja, kuma shin kamfanin yana da ikon fanso ta da kuɗi kafin lokacin?

Sauran sharuɗɗan ba su da yawa amma suna da nauyi. Shin mai jari yana da damar sayen ƙari idan aka fitar da sabon hannun jari, don kada rabonsa ya tsuke? Idan manya suka sayar da nasu, ana tafiya da ƙanana a kan farashi ɗaya? Sunan wa ke kan rajista? Seedrs, alal misali, ya kafu ne a kan riƙe hannun jari a madadin masu shi a matsayin wakili, abin da ke sauƙaƙa aiki kuma ya ba su murya ɗaya, amma yana nufin wakilin ne ke kaɗa ƙuri'a.

Game da masu kamfanin, tarihin da suka rubuta wa kansu a shafi ba ya wadatarwa. Ana duba kamfanonin da suka taɓa kafawa da yadda suka ƙare. Faɗuwa a baya ba aibu ba ne a wannan fage. Ɓoye ta ne aibu. Ana kuma duba ko sun zuba nasu kuɗin, ko aikin suke yi dare da rana ko kuwa na bayan tashi daga ofis ne. Sashen tambaya da amsa na dandali wuri ne mai amfani ƙwarai, domin a nan ake ganin halin mutum: wanda aka tambaya nawa ya rage a asusu ya faɗi adadi, da wanda ya amsa duk tambayoyin yabo ya tsallake wannan.

Ga mai karatu a Najeriya, ƙa'idojin 2021 sun ba da ma'auni mai sauƙi. Kamar yadda aka fitar da su, ƙananan kamfanoni masu rajista ne ke da damar tara jari ta wannan hanya, kuma ta dandalin da SEC ta yi wa rajista kawai: naira miliyan 50 ga mafi ƙanƙanta, miliyan 70 ga ƙarami, miliyan 100 ga matsakaici cikin wata 12. Mutumin da ba ƙwararre ba kada ya zuba fiye da kashi 10 na abin da yake samu a shekara. Jerin masu rajista yana shafin hukumar, dubawar minti kaɗan ce. Ƙa'idojin sun zo ne bayan tashen dandamalin noma, masu karɓar kuɗin mutanen birni su zuba a gonakin masara da shinkafa da kiwon kaji, da yawa a jihohin Arewa, da alkawarin riba tsayayya. A 2020 Thrive Agric, ɗaya daga cikin sanannunsu, ya kasa biyan masu jari a kan lokaci, ya danganta hakan da annobar korona, kuma sai daga baya ya biya. Abin da lamarin ya nuna shi ne noma ba ya bin jadawalin da aka buga a manhaja. Duk wanda ya san hukuncin mudaraba ya san mai jari ba a lamunce masa uwar kuɗi ko wani adadi na riba. Kaso ake yankewa daga ribar da aka samu. Wanda ya ce hannun jari yake sayarwa kuma ya lamunce kashi 20 a wata, ko dai bashi ne da ruwa, ko kuwa ɗan'uwan MMM ne da ya tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016.

Ko an yi duk wannan bincike, akasarin sababbin kamfanoni ba sa kai labari, kuma fita da wuya take. A Amurka doka ta hana sayar da irin wannan hannun jari ga kowa cikin shekarar farko sai a wasu yanayi, bayan shekarar ma mai saye ba ya samuwa da sauƙi. Masu cin nasara akwai su: Revolut ya tara kimanin fam miliyan 1 a Crowdcube a 2016 yana ƙaramin kamfani, a 2024 aka ƙiyasta shi dala biliyan 45. Amma babu wanda ya san shi ne zai zama haka a 2016, shi ya sa masu gogewa ke rarraba ƙananan kuɗi a kamfanoni da yawa cikin shekaru, da kuɗin da ba na haya ko na makarantar yara ba. Hukumar FCA ta Birtaniya ma ta tilasta wa dandamali su rubuta a fili cewa kada wanda bai shirya rasa kuɗinsa duka ba ya shiga.

Bayan an biya, aikin bai ƙare ba, kuma a nan ne gaskiyar kamfani ke fitowa. A Amurka kamfanin da ya tara kuɗi ta wannan hanya wajibi ne ya shigar da rahoton shekara, Form C-AR, cikin kwana 120 bayan rufe shekarar kuɗinsa, kuma da yawa sukan yi shiru da zarar kuɗi sun shiga. Wannan ya ba mai bincike makami mai kyau a kan duk kamfanin da ya dawo zagaye na biyu: a buɗe abin da ya yi hasashe a karon farko, a ajiye shi kusa da abin da ya samu, a ƙirga rahotannin da ya aika wa masu jarinsa tsakanin zagayen biyu, a ga ko ya taɓa ba su labari mara daɗi da bakinsa. Wanda kuma ya riga ya danna ya biya sannan ya ga abin da bai kwanta masa ba, a tsarin Amurka yana da damar janye kuɗinsa har zuwa awa 48 kafin a rufe tayin, kuma idan kamfanin ya sauya wani muhimmin sharaɗi a tsakiya, dole a sanar da shi ya sake amincewa, in bai amsa ba a mayar masa da kuɗinsa.